Hadarin Madina Ba Ya Tasowa Daga Gabas

Na sauka Madina da kwat a jikina, a cikin watan da ko ƙadangare ba ya yarda ya fito rana. Dillalin da ya yi mini hanyar aikin a Kano ne ya ce in sa kwat, wai ofishin hasashen yanayi ba a shigarsa da kaftani. Cikin duk ƙaryar da ya shirga mini, wannan ce ƙarama.

Sunana Sanusi, mutumin Gumel ne ni. Na yi shekaru a gida ina bin sawun hadarin damina. Na san shi kamar yunwar cikina: yadda yake haɗuwa can wajen Chadi, ya ratso ƙasarmu ya jiƙa gonaki, ya miƙa yamma har ya faɗa teku, wani lokacin ya rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwar da ke ɗaye rufin gidaje a wata duniyar. Wannan aikin aka ce in zo in yi a Madina, shi ya sa na ajiye nawa na gida, har da walimar ban-kwana.

Da aka miƙo mini iƙamata, katin zaman ƙasa, sai na ga an rubuta "fanni", wato ƙaramin ma'aikacin gyara. Ashe wani kamfanin kwangila ne ya ɗauke ni, mai kula da na'urorin auna yanayi da ke gefen titin saukar jirage. Aka ba ni hula da tsumma da buroshi. Aikina in goge ƙura a kan na'urori, in duba wayoyi, in leƙa mazubin auna ruwan sama. Kullum sai na leƙa shi, kullum kuma yashi nake zazzagewa. Na kira dillalin, lambarsa ta daina shiga. Na yi fushi, na yi zagi, na zauna a gefen katifa na yi kuka irin na manya, wanda ba ya ƙara.

Da na gaya wa matata Bilkisu, sai ta ce in dawo kawai, ba kaina farau ba.

Na ce, "In dawo in ce wa mutane me? Kujerata ta gida an riga an ba wani."

"To sai yaushe?"

"Sai na zauna a teburin da aka ce zan zauna. Ina hango shi ta taga kullum."

Gaskiya na faɗa mata. Ɗakin masu hasashe yana sama, gilashinsa na kallon filin da nake shara. Na ƙudura a raina ko dai in hau benen nan in zauna, ko kuwa a fitar da ni ƙasar da ƙarfi.

Watannin farko a wani ɗaki na zauna da ma'aikata 'yan ƙasashe daban-daban, kowa da harshensa, kowa da warin girkinsa. Mutanen kirki ne, amma sai in yini in kwana ban yi Hausa da kowa ba sai da kaina. Wata Juma'a na je Al-Azizya neman takalmi, na tsaya layin tamis, burodinsu mai faɗi da ake gasawa a tanderu. Rana ta dake ni, na ce a fili, "Kai, wannan rana ko tausayi babu."

Sai na ji an ce daga bayana, "Ɗan ina ne kai, ya waladi?" Wato ɗana, da Larabci.

Wani dattijo ne baƙi, dogo, cikin farar jallabiya, ya dogara sanda. Shi ne Baba Usman. A Madina aka haife shi, haka ma mahaifinsa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya yi hajji ya zauna. Baba bai taɓa ganin Nijeriya ba, amma Hausarsa irin ta kakanni ce, mai nauyi, an yayyafa mata Larabci. Da ya ji ni Bagumale ne sai ya ce ai maƙwabta muke. Kafin tamis ɗinmu ya huce ya riga ya yanke hukunci.

"Akwai gurfa a sama, babu kowa ciki. Ka ɗauko afash ɗinka. Khalas, ba na son gardama."

Haka na kwashe kayana na koma ɗakin saman gidansa. Matarsa Hajiya Rabi ta riƙa aiko mini da abinci a kan matakala. Jikokinsa suna jin Hausa sarai, amma in ka yi musu sai su amsa da Larabci suna dariyar bakina. Shi kuwa Baba, abu ɗaya yake so daga wurina, labarin damina. Bayan la'asar sai ya sa a shimfiɗa darduma, ya miƙe ƙafafunsa masu ciwon gwiwa, ya ce in fara.

"Sahih ne ana yin ruwa kwana da yini bai ɗauke ba?"

"Har mutane su gaji da shi, Baba."

"Su gaji! Astagfirullah. Ku mutanen Nijeriya ba ku da godiya."

Sai ya ɗauko nasa labarin, na kwarin Aƙiƙ da ya ratsa yammacin gari, busasshe ƙayau kusan duk shekara. Ya ce in ya kawo ruwa, wanda suke kira sel, ranar sai ka ga Madina. Mahaifinsa yakan kai su wani wuri kudu da gari, ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya, su sha shayi. Na riƙa gyaɗa kai ina jin sa kamar yadda ake jin hirar tsofaffi. Da na saurara da kyau, da na huta wa kaina da abin da ya biyo baya.

A wurin aiki kuwa na mai da kaina ƙarfen ƙafa. Ina tashi daga dawam, wato lokacin aiki, maimakon in tafi gida, sai in wanke fuska in hau sama in tsaya a bakin ƙofa ina kallon allunan rada, na'urar da ke hango hadari. Shugaban ɗakin, Abu Faisal, mutum ne gajere, mai furfura a gemu, wanda murmushi ke yi wa wuya. Ya kore ni, na dawo. Ya sake korata, na sake dawowa da takardun karatuna a hannu. Daga baya ya gaji, ya bar ni in tsaya, da sharaɗin kada in taɓa komai kada kuma in yi magana.

Farkon bazara wata guguwa ta haɗu a tekun Larabawa. Ba za ta zo Madina ba, amma jiragen maniyyata daga gabas ta can suke bi, don haka kowa ya zuba mata ido. Gardama ta kaure a ɗakin: za ta doshi gaɓar Oman ne, ko za ta karkata ta koma wajen Indiya? Ni da aka hana magana, sai bakina ya kuɓuce. Abu Faisal ya juyo ya dube ni, ya miƙo mini alƙalami ya ce in zana. Na zana hanyata a taswira, na faɗi dalilina, ɗumin ruwan teku da iskar sama da ke jan ta. Da guguwar ta gama yawonta, layina bai fi na kowa daidai ba, bai kuma fi na kowa kuskure ba. Abin da ya lura da shi ke nan. Ya nemi kamfanina su ba shi arona na lokacin hadarin bazararsu, wanda ke kaiwa har Agusta.

Ya ce, "Gwaji ne. In lokacin ya ƙare na gamsu, kujerar taka ce. In ban gamsu ba, ka san inda tsummanka yake."

Ban daɗe a kujerar ba na sha kunya. A ƙasarmu ko yaron goye ya san hadari daga gabas yake tasowa. Ni da na yi karatun abin, na san ba haka yake ko'ina ba, amma ido ba ya jin karatu. Ina zama gaban rada, idona zai zarce gabas. Wata rana da azahar na duba gabas na gan ta wasai, na rubuta cewa babu komai. Kafin la'asar hadari ya haɗu a kan duwatsun da ke bayana, ya turo iska da ƙura, jirage suka yi ta shawagi a sama suna jiran sauka. Abu Faisal bai ɗaga murya ba. Ya zo ya kama kujerata, da ni a kai, ya juya ta.

"Ya Sanusi, nan ba ƙasarku ba ce. Namu a kan dutse ake haifarsa, kudu da yamma. Ba ya tafiya mai nisa, a inda ya tsaya yake juye kayansa. Ba zan sake juya maka kujera ba."

Na ji zafin maganar, don gaskiya ce. Daga ranar na koma ɗalibi. Ranakun hutu nakan bi motar haya in fita kudu in ga duwatsun da idona, baƙaƙe, babu ƙasar da za ta shanye ruwa. Na gane cewa in aka yi ruwa a can, duk wanda ya sauka sai ya gangaro cikin Aƙiƙ, ya kamo hanyar gari, alhali a Madina ko ɗigo ba a yi ba. Mutum na zaune ƙarƙashin shuɗin sama ruwa zai zo masa ta ƙasa. Hausawa sun ce hadarin ƙasa maganin mai kabido, amma sai a nan na ga abin da ido.

Ranar da nake jira ta zo cikin watan Agusta. Tun hantsi na ga alamun, iska mai laima ta shigo daga Bahar Maliya, zafi kuma ya kai inda ya kai. Da azahar gizagizai suka fara tashi a kan duwatsun kudu, daidai kan Aƙiƙ, rada ta yi ja. Na rubuta gargaɗi na kai wa Abu Faisal. Ya karanta, ya duba allon, ya sa hannu ba tare da ya gyara ko kalma ba. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Sai na tuna da mutanen gida, na ɗauki waya.

"Baba, ruwa na zuwa. Aƙiƙ zai kawo bayan la'asar, kuma da ƙarfi."

"Allahu akbar! Ka tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

"Allah ya yi maka albarka, ya waladi." Ya kashe.

Na ajiye waya ina jin na sauke nauyi. A Gumel in ka ce hadari ya taso, ka gama magana. Mata za su kwashe shanya, a kira yara, a kora awaki, kowa ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Ban taɓa jin inda aka ƙara da cewa kada a fita ba, don babu mahaukacin da zai fita.

Can an jima, ina cikin bin hadarin, na ce wa Abu Faisal ai har na sanar da mai gidana. Ya tambaye ni wane ne, na gaya masa. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Me ka ce masa?"

Na maimaita.

"Daga nan fa?"

"Shi ke nan."

"Ka gaya wa tsohon Bamadine cewa Aƙiƙ zai kawo, ka yi shiru? Ya Sanusi, gayyata ka aika masa. Mu nan in an ce ruwa, fita ake yi."

Na zaro waya. Na kira Baba, ba a ɗauka ba. Na kira Hajiya, wayar na gida. Na kira 'yarsu Safiya, wadda ke aiki a kantin magani, ta ce ai tun ɗazu suka fita gaba ɗaya, da darduma da butar shayi, yayanta Khalid ne ya ja motar. Na ce ina? Ta ce wurin bishiyar kakansu mana, ina kuma. Na san wurin, Baba ya taɓa nuna mini daga kan titi. A tsakiyar kwarin yake, kuma gangaren da ake hawa a fita yana da tsayi ga mai lafiyar ƙafa ma.

Na dubi rada. Ruwan ya riga ya sauka a kan duwatsu, yana hanya. Abu Faisal ya kira masu aikin ceto ya ba su kwatance, amma ya ce kwaruruka da yawa ne za su kawo yau, kuma ba su san bishiyar ba. Na miƙe.

Ya ce, "Mai hasashe ba ya barin tebur hadari na sama. In ka fita ƙofar nan, dole in rubuta."

Na tsaya. Na tuna tsumma da buroshi, na tuna Bilkisu, na tuna duk tsayuwar da na yi a bakin wannan ƙofa. Wallahi ban so fita ba. Amma ni na aika tsohon nan cikin kwari da bakina.

Na ce, "Rubuta."

Har na kai ƙofa ya kira sunana. Ina juyowa ya jefo mini makullin motarsa, ya ja kujerata ya zauna a kai.

Filin jirgi na arewa maso gabas, wurin kuwa na kudu, sai da na zagaye gari. Ko da na isa, bakin kwarin ya cika da motoci kamar ana biki. Mafi yawan mutane suna sama a kan gaɓa, amma wasu sun sauka ciki. Na hango su Baba can ƙarƙashin bishiya, an hura gawayi, jikoki na guje-guje a yashi. Sama kuwa tas, ko gajimare ɗaya babu. Na gangara da gudu.

"Ahlan! Ga mai albishir! Rabi, zuba masa shahi."

"Baba, ku tashi. Yanzu. Ruwan ya kusa."

"Ai shi muke jira. Zauna."

"A sama za ku jira shi, ba a nan ba."

Ya yi dariya. "Ya waladi, sel ba ɓarawo ba ne, yana sallama. Za ka ji iska mai sanyi, ka ji ƙanshin ƙasa, sannan ka ji kukansa. Sa'an nan mu tashi. Tun ba a haifi babanka ba nake yin haka."

"Da waɗanne ƙafafun, Baba?"

Fuskarsa ta canza. Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Na juya wurin Khalid na ce ya sa baki. Ya amsa mini da Larabci, a hankali, cewa ya faɗa tun a gida, amma wa zai tayar da Abuya, wato babansu, in ya zauna? Na nuna musu rada a waya, Baba ya kau da kai, ya ce shi ba ya kallon ruwa a talabijin.

Sai na daina roƙo. Na ce wa Hajiya ta yi haƙuri, na ce wa Khalid ya kwashi yara. Na tsuguna gaban Baba na ba shi baya, na kamo hannayensa na ɗora a kafaɗuna, na miƙe da shi.

"Kai! Sauke ni! Sauke ni, ɗan nema! Eib! Abin kunya! A gaban jikokina?"

Ya yi ta dukan ƙeyata da carbi. Ban saurare shi ba. Dogo ne, ƙafafunsa har suna jan yashi, kuma ya fi yadda na zata nauyi. Ina tafe ina haki ina yi wa sauran mutanen ciki ihu da guntun Larabcina, "Sel! Sel! Ku hau sama!" Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗaga waya suna ɗaukar mu, amma ganin an goyo dattijo ana gudu ya sa suka fara naɗe shimfiɗunsu. A gangaren na faɗi kan gwiwa, na tashi, na sake faɗuwa, Khalid ya turo mu ta baya har muka hau.

Na sauke shi a kan wani dutse. Sai kuma shiru. Babu ruwa, babu alamarsa. Kwari na nan a bushe, hayaƙin gawayinmu na tashi a hankali ƙarƙashin bishiya. Mutane suka fara dubana. Wani ya ce a koma. Baba ya gyara hularsa, ni kuwa na tsaya ina jin zufa na bin bayana, ina tunanin na zubar da kujerata da mutuncin tsoho a banza.

Sannan iskar ta zo, mai sanyi, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, yadda ya faɗa. Ƙanshin Gumel ne sak, har hawaye ya taru mini. Amma tsakanin ƙanshin da ruwan babu tazarar da zai ɗauki sandarsa ma. Muka ji ruri kamar jerin manyan motoci, sai ga shi ya karyo kwana, ja, yana turo itace da tarkace a gaba. Ya haɗiye darduma da buta da sandar Baba, ya hau bishiyar har rassa. Gaɓa ta ɗauki kabbara. Baba ya ɗaga hannu yana addu'a, hawaye na gangara cikin gemunsa. Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Abu Faisal ya rubuta, kamar yadda ya ce. Ya rubuta cewa gargaɗina ya fita da wuri kuma ya yi daidai, ya kuma rubuta cewa na bar tebur. Da lokacin ya ƙare aka ce ba za a tabbatar da ni bana ba. Aka mai da ni ƙasa wurin na'urori, amma aka yarda in sake gwaji baɗi. Na karɓi tsummana. Na kira Bilkisu na ce kada ta sa ran ganina tukuna, ban gama da benen nan ba.

A gida kuwa Baba ya ɗauke mini wuta. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Abinci dai bai fasa hawowa matakala ba. Sai wata Juma'a bayan la'asar na ji ana buga ƙarfen matakalar da sabuwar sanda. Na leƙo.

"Ka zubar mini da girma," in ji shi.

"Na sani, Baba. Ka yafe ni."

"Ban ce ka yi magana ba. Baɗi in Aƙiƙ zai kawo, za ka gaya mini?"

"Zan gaya maka. Amma baɗi ina kan kujerata, kuma ba zan sake tashi ba ko don kai. In kana son kallo, yau za mu je in nuna maka inda za ka zauna."

Ya harare ni, ya ƙwala wa Khalid kira ya kawo mota.

Muka je. Kwarin ya koma busasshe, sai shara da ruwa ya rataye a rassan bishiyar mahaifin Baba. Na zaɓi wani faffaɗan dutse can sama da gaɓa, inda ake ganin kwanar da ruwan ke ɓullowa, inda kuma ko ya yi hauka ba zai kai ba. Baba ya ɗaga kai ya dube shi, ya dubi hawan da ke tsakaninmu da shi, ya dubi gwiwoyinsa. Ya waiga ya tabbatar babu jika ko ɗaya a kusa. Sannan ya miƙa wa Khalid sandar.

Ya dube ni ya ce, "To me kake jira? Tsuguna mana."